Garkar Goggo a Kan Fako

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, ni kuwa ina Kende wajen rangadi. Kafin ɗan aike ya same ni, kafin in tuƙo keke in iso Bagudo, an riga an kai ta makwancinta. Abin da na tarar shi ne tabarmi a ƙofar gida, da mutane a kansu.

Kwana uku na yi a kan tabarmar nan ina karɓar gaisuwa, ina sauraren abin da kowa ya zo da shi a bakinsa. Limamin unguwarmu ya shafa addu'a, sannan ya ce, "Shekara da shekaru ina bi ta bayan gidan ga in tahi masallaci. Ban taɓa ganin baiwar Allah wagga zaune ba. To, yau dai ta kwanta."

Wata mai tuwon kasuwa ta taho tun daga Sharabi a ƙasa. Tun daga zaure ake jin kukanta. Da aka lallashe ta sai ta ce wa matan gida, "Ba ta taɓa barina in fita garkarta da kwando wofi ba. Kuma wallahi ba ta taɓa barina in fita ba ta yi mani faɗa ba." Mata suka yi dariya da hawaye a fuska.

Maƙwabcinmu, wani tsoho mai awaki da yawa, ya durƙusa gaban mahaifina ya ce, "Ni da ita ba mu shiri, kowa ya sani, ba zan yi ƙarya gaban mutuwa ba." Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, ya daɗe a haka.

Mahaifina bai ce komai ba a kwanakin nan, sai amin. Amma bini-bini sai ya tashi, ya zaga bayan gida, ya dawo ya zauna, can kuma ya sake tashi.

A rana ta uku da la'asar muna zaune sai muka ji muryar mahaifiyata daga cikin gida, da ƙarfi: "Yaya! Yaya, birai!" Ta hango su ne a kan shingen garka, bakinta ya riga hankalinta, ta kira Goggo yadda ta saba. Babu wanda ya motsa, har sai da tsohon nan mai awaki ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki sandarsa, ya tafi ya kore su yana zaginsu.

Tun daga ranar ban sami sukuni ba. In na shiga ofis sai in ji kamar ana kirana a gida, in na zo gida sai in rasa inda zan sa kaina. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Goggo ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba, kuma a gidanmu ba a ambaton sunan babba, don haka nan da 'yan shekaru yaran da ake haifa yanzu ba za su san ma an yi ta ba. Ina so a sani. Akwai kuma wani abu nawa da ya kamata in faɗa, wanda ita ta rufa mini.

An yi mata aure tun kafin a haife ni, a wani ƙauyen Dandawa da ke hayin iyaka, ƙasar da a lokacin muke ce wa Faransa, yanzu ake kiranta Dahomi. Da mijinta ya rasu ta gama takaba, sai ta dawo gidan ƙanenta da ƙunshin kaya ɗaya a ka. 'Yarta tilo ta riga ta yi aure a can, ta bar ta a ɗakinta.

Mahaifina ya share mata ɗaki ya ce, "Yaya, ga ɗaki, ga hatsi a rumbu. Ki zauna ki huta."

Ta ce, "In zauna in yi mi? Ba ni wuri in shuka abin miya."

Ya ce babu wani wuri kusa sai fakon bayan gida. Ya faɗi haka ne don ta haƙura, domin wurin ba ƙasa ba ce, marmara ce ja da tsakuwa, in ruwan sama ya sauka a kai gangarewa yake yi kamar a kan faranti. Ya ce, "Wanga fako ko ciyawa ba ta fita a kansa."

Ta ce, "To na huta da cirar ciyawa."

Washegari ta aro dagi wurin masu haƙar rijiya. Ba ta nome wurin ba, don ba ya nomuwa. Ramuka ta riƙa haƙawa ɗaya bayan ɗaya, kowane zurfinsa ya kai gwiwa. Wata rana ta gama rami guda, wata rana rabi. In ramin ya samu sai ta ɗauki kwando ta gangara fadama ta ɗebo laka a ka, ta haɗa da tokar murhu da sharar tsakar gida, ta cika shi. Gidajen unguwa duk sun san ta da yawon neman toka. Ruwan wanke-wanke da na alwala ba a zubar da shi a gidanmu, akwai tulun da ta ajiye dominsa, kuma wanda ya manta ya watsar zai ji a jikinsa.

A shekarar farko kuɓewa bakwai ta tsaya mata. Ta fara 'ya'ya ke nan birai suka sauko daga duwatsun da ke bayan gari, suka gama da ita a safiya ɗaya. Mutane suka zo kallo, wasu suna danne dariya. Ta ɗauki gatari ta nufi daji, ta dawo tana jan ƙayar aduwa da igiya. Da haka garkar ta sami shinge. Da aka zo gaisuwa na ji masu haƙar kabari suna cewa ƙasar da aka sa ta mai laushi ce, ko gumi ba su yi ba. Allah ya sa haka ta same ta, don mu dai mai tauri muka ba ta.

Kafin in gama firamare wurin nan ya zama abin da baƙo ke tsayawa ya kalla. Kuɓewa doguwa irin ta Dandawa, yakuwa, rama, gauta, barkono, kabewa tana hawa shinge, zogale a kusurwa huɗu. Tsakanin ramukan kuwa jar marmarar tana nan yadda take, in ka taka da rana sai ta ƙona maka ƙafa.

Kada wani ya zaci mace ce mai tausayin namun daji. Yaƙi take yi da su, kuma tana jin daɗin yaƙin. Ta jera gwangwanaye da tsakuwa a ciki a jikin igiya, ta jawo bakin igiyar har gindin turminta, tana daka tana fizga. Da beguwa ta gano hanyar haƙowa ta ƙarƙashin shinge, Goggo ta bi gida-gida tana tara fasassun tukwane, ta binne su a tsaye a kewayen garkar. Wata rana gyado ya fasa shingen da sassafe, ta tare shi da taɓarya ita kaɗai, ya fita ta inda ya shigo, ta bi shi har bakin rafi. Da ta dawo mahaifina ya hau faɗa, yana cewa da ya juyo da ya farke mata ciki. Ta ce, "Ai shi ma ya san da haka, amma ya gudu."

Birai kuwa da Dandanci take zaginsu. Ta ce daga hayi suka biyo ta, ba su jin Hausa.

A tsaye take cin tuwo, ƙwarya a hannu, ido a kan shinge. In an ce, "Goggo, ki zauna mana," sai ta ce, "In na gama." Ba a taɓa sanin me za ta gama ba. Salla kaɗai ke kai ta ƙasa, kuma tana shafa addu'a za ka ga idonta ya fara neman inda ta ajiye fartanya.

Ita da tsoho mai awaki sun yi shekaru suna fafatawa. Akuyarsa in ta shiga garka sai ta kama ta ta ɗaure a gindin zogale, ta ce sai mai ita ya zo da kansa. Ya zo, su yi ta musayar magana ta kan shinge har unguwa ta taru. Amma da matarsa ta kwanta ciwo wata damina, kullum da safe sai an ga ƙunshin ganye da barkono a kan dangarsa, kuma ko a ranakun nan Goggo ba ta gaishe shi ba.

Haka take alherinta, da ɗaure fuska. In damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, matan unguwa sukan zo a raɓe, kunya ta hana su roƙo. Sai ta miƙa wa mace kwando ta ce, "Tahi fadama ki ɗebo mani laka." In ta kawo, ta cika mata kwandon da rama da zogale ta ce, "Ladan aikinki ne, kada ki gode mani." Mace ta koma gida kanta a sama.

Mutum ɗaya na sani da ke sa ta dariya har ta jingina da fartanya. Wata Bafilatana ce da rugarsu ke sauka bayan garinmu kowace kaka, muna kiranta Dada, yadda 'ya'yanta ke kiranta. Tun shekara ta biyu suka ƙulla. Dada tana sa a tara mata busasshen kashin shanu, Goggo tana cika mata ƙwarya da kayan miya. Da takin nan garkar ta tashi sosai. Dada ta kan shimfiɗa zane a inuwar zogale ta miƙe ƙafa, Goggo tana kai da kawo tsakanin ramuka, suna hira rabi Hausa rabi Fillanci, suna gulmar maza.

Ni na raba su.

A shekarar da aka sami 'yancin kai na gama makarantar koyon aikin gona, aka turo ni gida a matsayin malamin gona. Na dawo da kakin gwamnati, da takalmi sau-ciki, da keke, da littafi a aljihu. Lokaci ne da kowane saurayi mai ilmin boko ke jin cewa ƙasar an damƙa ta a hannunsa ne, kuma duk abin da tsofaffi ke yi gyara yake jira. Na shiga garkar Goggo na ɗebi ƙasa na murza, na yi mata dogon bayani a kan abin da ta rasa. Ta saurare ni tana tsinkar yakuwa. Da na gama ta ce, "Wanga littafi naka, an taɓa yin miya da shi?"

A ranin shekarar aka ƙone dajin da ke bayan duwatsu, birai suka rasa abinci suka dawo mana gaba ɗaya. Gwangwani ya daina ba su tsoro. Na ga Goggo tana rama, tana tsaye a rana tun safe har yamma da dutse a hannu. Sai na ɗebo wani farin gari daga ɗakin ajiyar ofis, maganin ɓeraye, na kawo mata a takarda. Na ce, "Goggo, wannan in an barbaɗa a kabewa an ajiye masu, kwana biyu kin huta."

Ta kalli takardar, fuskarta ta canza. Ta ce, "Fitar mani da shi daga gidan ga."

Na ce, "Goggo, ai yanzu ko'ina da shi ake..."

"Na ce ka fitar!"

Muryarta na rawa. Ban taɓa jin ta haka ba, amma ban tsaya na yi tunani ba. Na ɗauka duhun kai ne irin na mutanen da.

Bayan kwana kaɗan ta tafi Zagga suna, za ta kwana ɗaya. Da la'asar na yanka kabewa, na barbaɗa garin, na jera a bayan shinge ta wajen duwatsu. Na ce a raina in ta dawo ta ga aiki, bakinta zai mutu.

Da safe aka sami birai biyu a mace. Ina cikin murna, hantsi ya yi, sai ga ihu daga hanyar rafi. Karsanar Dada ce, wadda mahaifinta ya ba ta tun tana maraƙa, kwance a gefen hanya, kumfa na fita bakinta. Shanun sun biyo ta nan da sassafe, ita ce ta tsaya a kan kabewar.

Goggo ta iso daga Zagga daidai lokacin da samarin ruga suka iso da sanduna, mijin Dada a gaba. Mahaifina ya fito yana ba da haƙuri, ba wanda ke jinsa. Suna tambaya ɗaya: wa ya zuba? Na san abin da ke jirana. In ba su fasa mini kai a wurin ba, magana za ta je gaban alƙali, a tambayi inda garin ya fito, aikin da ban yi wata shida a kai ba ya tafi, wataƙila har da gidan yari.

Goggo ta sauke kayanta. Ta je ta duba guntayen kabewar. Ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya, kallon da bai fi ƙiftawar ido ba. Sannan ta tsaya a ƙofar garkar ta ce, "Garka tawa ce. Ni na zuba. Wanda zai duka shi duke ni."

Ba wanda zai ɗaga sanda a kan tsohuwa. Dada tana tsaye a baya, ita dai tana kallon ƙasa. Ni kuma ina nan cikin kakina, bakina a rufe.

Manya suka shiga tsakani aka yi sulhu. Amma kafin mako ya zagayo rugar ta tashi, kuma ba ta sake sauka bayan garinmu ba. Goggo ta tattara kabewar da hannunta, ta haƙa rami mai zurfi nesa da gida ta binne, ta wanke hannu da toka har sau uku. Bayan haka ta ɓace kwana uku, ta ce wa mahaifina za ta neman magani.

Ba ta faɗa wa kowa a gidanmu ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba, ita da ke yi wa kowa faɗa. In na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya," shi ke nan. In na shiga garka ta wannan ƙofa, ta bar abin da take yi ta fita. Fiye da shekara muna haka a gida ɗaya. Na riƙa ƙirƙiro rangadi don kada in kwana a gari.

Garkar ma ta ji a jikinta. Babu takin ruga, laka da toka kaɗai ba su isa ba. Kuɓewar ta fito a tsumbure, ta bushe ba ta bar iri ba. Wata safiya ina ɗaure takardu a bayan keke sai na ga inuwa a kaina. Goggo ce da gyale a kafaɗa.

Ta ce, "Kekenka na ɗaukar mutum biyu?"

Na ce, "Yana ɗauka, Goggo."

"Kai ni hayi wurin ɗiyata. Iri nika so."

Muka kama hanya, tana zaune a baya a karkace, ba ta riƙe ni ba, sirdin ta riƙe. Hanyar da ta saba bi da ƙafa ba mai tambayarta, yanzu an gicciya mata itace, ga rumfa, ga sabuwar tuta, ga wani saurayi da hula yana neman takarda. Goggo ta sauko ta ce, "Takardar mi? Nan anka haife ni, can na haihu. Wace ƙasar ce ba tawa ba?" Saurayin ya dube ni, na nuna masa takardar aikina, na yi masa bayani. Ya ɗaga itacen yana murmushi. Ta wuce tana mita, wai an raba wa mutane hanya kamar ana rabon gado.

'Yarta taubashiyata ce, akwai wasa tsakaninmu. Tana ganina ta tafa hannu ta ce, "Lale da malamin gona mai maganin shanu!" Ashe ita Goggo ta aika mata da gaskiyar magana. Da ta ga yadda fuskata ta yi sai ta bar wasan. Ta jira har uwar ta shiga gidajen maƙwabta neman iri, sannan ta ja ni gefen rumbu.

Ta ce, "Kai da gaske ba ka sani ba?"

Na ce, "Me?"

Ta ce kafin a haife ta Goggo ta haifi wani, namiji, ya fara tafiya ya fara magana. Ɓeraye suka dami rumbun gidan, mahaifinsu ya sayo magani a kasuwa ya cuɗa da gyaɗa ya ajiye a gindin rumbu. Goggo tana zaune tana kaɗi a ƙofar ɗaki, yaron yana wasa a tsakar gida. Ya tsinci gyaɗar ya ci, kafin azahar ya cika a hannunta. Ta ce, "Mutanen garin ga sun ce tun ranar ba a ƙara ganin Inna ta zauna da rana ba." Ko shi ne dalili ko ba shi ba ne, Allah ya sani. Ɗan fari ne, ba ta taɓa ambatonsa ba, mahaifina ma ya sani bai taɓa faɗa ba.

A hanyar dawowa, da muka zo wani rafi da sai an sauka an tura keke, na jingine shi a itace na durƙusa a gabanta. Na ce, "Goggo, ki yafe mani."

Ta ce, "Tashi, wandon gwamnati ne, kada shi yi datti."

Na ce, "Goggo, don Allah."

Ta gyara ƙullin irin a bakin zanenta. Ta ce, "Ba ni anka kashe wa saniya ba. Tuƙa mu tahi, rana na yi."

Daga ranar ta dawo da ni cikin mutane. Ta koma yi mini faɗa, ta riƙa aikena fadama da buhu a bayan keke, tana cewa lakar da nake ɗebowa ba ta da kyau. Na ji daɗi, har na yaudari kaina cewa magana ta wuce. Na san inda ta nuna mini in je. Na san rugar ta koma can wajen Sharabi, tafiyar rabin yini a keke. Kullum ina cewa bayan girbi, bayan salla, bayan rangadi. Haka shekara uku suka wuce. Goggo ba ta sake tuna mini ba ko sau ɗaya.

Sai ga bazarar bana. Mahaifiyata ta ce tulu ne a kan Goggo ranar Lahadi, tana tsakanin ramukan barkono, sai aka ji faɗuwarsa. Aka ɗauke ta aka kai ɗaki. Kwana biyu tana fama da masu jinya, tana cewa su ɗaga ta. Ranar Talata ta yi kalmar shahada ta cika. Taubashiyata ba ta sami labari da wuri ba, sai a rana ta huɗu ta iso. Ita da mahaifiyata ke ba garkar ruwa yanzu, amma ita za ta koma ɗakinta, mahaifiyata kuma gwiwa ta hana ta zuwa fadama. Ban san abin da zai zama na wurin ba in ruwa ya sauka.

Ranar addu'ar bakwai na duba cikin matan da suka taru, sai na gane babu wanda ya kai wa rugar labari. Washegari bayan asuba na hau keke.

Na tarar da Dada a gindin wata bishiya tana wanke ƙore. Ta tsufa fiye da yadda na zata. Ta gane ni tun daga nesa, ta ajiye ƙwaryar. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata. Ta ce, "Inna lillahi," ta ja mayafi ta rufe kai. Na daɗe a durƙushe ina jin kukan maruƙa a bayan bukka.

Da ta buɗe fuska na ce, "Dada, akwai wata magana. Karsanarki. Ba Goggo ta zuba maganin ba. Ni ne."

Ta ce, "Na sani."

Na ɗago na dube ta.

Ta ce, "Tun ranar na sani. Na ga sawu a bayan shinge. Mutum nawa ke da takalmi mai zane a ƙasa a unguwarku? Da munka tashi ta biyo mu da ƙafa, kwana ta yi a hanya. Ta ce kada in faɗa wa maza. Ta ce yaro ne, ɗan ƙanena ne, shi zai taho da ƙafarsa shi faɗa maki. Duk ran da munka haɗu a kasuwa sai in ce, ina ɗan naki? Ta ce, yana tahe."

Na sunkuyar da kai. Hawayen da ban yi a kan tabarmar makoki ba suka zo mini a nan, gaban 'yan matan ruga da suka tsaya suna kallo.

Ta ce, "Saniya na yafe tun tuni, saniya ce. Amma ka bar ta tana yi maka alkawari shekara da shekaru. Da ka taho ko bara, da ta ji da kunnenta."

Ta miƙe, ta shiga bukka, ta fito da mayafi mai tsabta da 'yar ƙwaryar man shanu a hannu. Ta tsaya tana kallon keken.

Ta ce, "Ban taɓa hawa wanga abu ba. Kai ni in yi wa mahaifinka gaisuwa."

Na riƙe mata shi ta hau. Ta damƙi bayan rigata da hannu ɗaya, ɗayan yana rungume da ƙwaryar. Muka kama hanya, taya na ƙara a kan yashi. Can na ji goshinta ya sauka a bayana, rigar ta fara jiƙewa. Na rage gudu. Ta ce, "Tahi dai, ɗana, kada ka tsaya."

Allah ya jiƙan Goggo, ya gafarta mata, ya haɗa ta da ɗanta. Ni kuma ya yafe mini jinkirina.